Ƙyanda ta warke, yarinya ba ta warke ba: nazarin wani lamari daga karkarar Maradi

Yarinyar tana da wata 20 lokacin da ƙyanda ta kama ta, a tsakiyar zafin bazara. Ƙauyensu yana kudu da Maradi, ta wajen Madarunfa. Gidan manoma ne mai mata biyu, ita ce ta huɗu a ɗakin uwarta. Daga Afrilu zuwa Satumba aka yi ta zarya da ita tsakanin gida da likita: kunne na ruwa, zawo, ciwon huhu, masassara, daga ƙarshe tamowa mai tsanani da ta kai ta gadon asibiti. Kowane zuwa an rubuta shi a rajista da sunan ciwon ranar. Babu layi ɗaya da ya haɗa su da ƙyandar da ta gabace su, alhali binciken da aka yi cikin shekarun nan a kan garkuwar jiki yana nuna cewa daga can zaren ya faro. Na ɓoye sunanta da na ƙauyen da na wuraren da aka duba ta.

Abin da karne ya nuna

Karnen lafiyarta, wato katin da ake rubuta rigakafinta, yana naɗe cikin baƙar leda, gefensa ya sha mai, amma rubutun yana karantuwa. An yi mata allurar BCG ta tarin fuka a makon haihuwa, tabon yana nan a hannunta. Tsakanin sati 6 da sati 14 ta karɓi abin da ake ba kowane jariri a Nijar: allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar, da ta ciwon huhu, da ɗigon shan-inna, da ɗigon zawon rota. Na huhu da na rota a 2014 aka shigar da su jadawalin ƙasa. Uwar ba mai sakaci ba ce, duk layukan farko cike suke da hatimi. Sai gurbin wata 9, inda ake yin ta ƙyanda tare da ta shawara da ta sanƙarau. Wannan fari fat yake.

Ta je, in ji ta. Ta biya kabu-kabu, ta isa da hantsi, aka ce mata yara biyu ne kawai suka zo, ba za a buɗe kwalba ba. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sa'a shida gare ta, abin da ya rage zubarwa ake yi. Ka'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne, amma ma'aikacin da ake tuhuma a kan ɓarnar magani a ƙarshen wata yakan yi nasa lissafin. Aka ce ta dawo wani satin. Kafin satin ya zagayo aka yi ruwan shuka, gida duka ya koma gona, maganar allura ta bi ruwa.

A gidan akwai ɗan kishiyar uwarta, ya girme ta da wata biyu. Shi ranar da aka kai shi ta faɗo ranar kasuwa, yara sun taru, aka yi masa. Ya samu ta biyu ma a shekararsa ta biyu. Tukunya ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha, tsakar gida ɗaya suke rarrafe. Za mu dawo kansa.

Baƙon dauro

Ciwon ya shigo gidan ne da wani yaro, ɗan ƙanen maigida, wanda iyayensa suka yi cin rani a cikin garin Maradi suka zo ganin gida yana tari. Wannan hanya sananniya ce. A 2011 Nita Bharti da abokan aikinta suka wallafa wani bincike a mujallar Science inda suka auna hasken da ke tashi da dare daga Yamai da Maradi da Damagaram a hotunan tauraron ɗan'adam. Hasken yana ƙaruwa da rani, sa'ad da mutanen karkara suke cika gari, yana raguwa da damina, kuma yaɗuwar ƙyanda tana bin sa sau da ƙafa. Ciwo ne da mutum ɗaya yake iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 in ba su da kariya, ƙwayarsa kuma tana iya kai sa'a biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita.

Bayan kwana goma sha wani abu jikin yarinyar ya yi zafi, ga majina, ga jan ido. Ƙuraje suka fara daga bayan kunne suka gangaro. Aka yi abin da aka gada: aka sa ta ɗaki, aka daina yi mata wanka, aka hana ta nama da ƙwai, aka jiƙa mata tsamiya. Sai da idanunta suka manne da kwantsa, ta ƙi nono, sannan kakarta ta wajen uba ta goya ta zuwa likita.

"Inna, mi ya tsai da ku har haka?" in ji majo, shugaban ma'aikatan wurin.

"Ɗana, baƙon dauro ba ya son allura. In an taɓa shi da ƙarfe, komawa ciki yakan yi."

"Ba allura za mu yi mata ba, Inna. Ɗigo ne a baki."

Ya yanke kan jar ƙwayar bitamin A da almakashi ya matse mata a harshe, awo 200,000, wanda shi ne na yaron da ya cika shekara. Ya ba da ta biyu a ɗiga mata washegari, ya wanke idon ya sa man ido, ya rubuta maganin zazzaɓi. Aikinsa ya yi daidai da ka'ida. Ƙurajen suka bushe, fata ta yi ta saɓa, bayan sati biyu yarinya ta tashi tana bin bango. A rajista aka rubuta ta warke, a gida aka yi sadakar fura. Suna da dalilin yin godiya, don a annobar 2003 a gundumar Mirya ta jihar Damagaram an lissafa cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba su tashi ba.

Ana kukan targaɗe

Sati uku bayan nan kunnen dama ya fara zubar da ruwa mai wari. Aka ba ta amoksisilin. A Mayu zawo ya kama ta, ya wuce sati, aka ba ta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki. Ya tsaya, ya dawo. A Yuni ta zo da tari da saurin numfashi, haƙarƙari yana shiga ciki in ta ja iska. Ciwon huhu ne, aka sake ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bakinta ya yi fararen miki irin na jarirai sababbin haihuwa, abin da ba a saba gani ga mai shekara biyu ba. A Agusta, duk da ta sha maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida da damina, gwajin yatsa ya nuna masassarar cizon sauro, jininta kuma ya yi ƙasa.

Abin lura shi ne biyu daga cikin waɗannan, ciwon huhu da zawo, suna cikin waɗanda karne ya ce an yi mata rigakafin manyan masu kawo su. Kuma yarinyar da ta yi wata 20 tana rarrafe a tsakar gidan ƙauye ta riga ta gamu da tarin ƙwayoyin mura da na zawo, jikinta ya san su. Uwar ta faɗi abin da iyaye mata da yawa suke faɗa, ba a cika saurarensu ba: "Likita, ɗiyar nan da ba haka take ba. Tun da baƙon dauro ya taɓa ta, iska ma in ta buso sai ta kwanta."

Ɗan kishiyar kuwa, a daidai waɗannan watanni, zawo ya yi sau ɗaya, masassara sau ɗaya, ya wartsake.

Abin da ƙyanda take yi wa garkuwar jiki

Tun 1908 wani likitan yara a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya lura cewa yaron da gwajin fata ya nuna jikinsa ya san tarin fuka, in ƙyanda ta kama shi sai gwajin ya daina nunawa. An daɗe da sanin ƙyanda tana raunana garkuwa na ɗan lokaci. Abin da ya fito fili cikin shekarun baya-bayan nan shi ne yadda take yi, da kuma daɗewar raunin.

Jiki yana ajiye tarihin kowace cuta da ya yi fama da ita ko aka yi masa rigakafinta. Ajiyar tana cikin wasu fararen ƙwayoyin jini, nau'in B da nau'in T, waɗanda suke zama shekaru suna jiran cutar ta dawo. Akwai kuma wasu da suke zaune cikin ɓargo suna zuba antibodi, wato sinadaran da suke kama ƙwayar cuta, cikin jini ba dare ba rana, kowane antibodi da cutar da aka ƙera shi dominta. Shi ya sa babba ba ya kwanciya da abin da yake kayar da jariri.

A 2000 masu bincike a Jami'ar Kyushu ta Japan, ƙarƙashin Yusuke Yanagi, suka gano ƙofar da ƙwayar ƙyanda take shiga ta cikinta, wani furotin da ake kira SLAM ko CD150. Wannan furotin yana da yawa a jikin ƙwayoyin nan masu riƙe tarihi. Ma'ana, ƙyanda ba a fata take fara aikinta ba. Tana shiga ta numfashi, ƙwayoyin garkuwa na huhu su ɗauke ta su kai ta kaluluwa, a nan ta hayayyafa cikin ƙwayoyin B da T, ta bazu zuwa saifa da hanji da duk inda suke taruwa. Sai daga baya take komawa bututun numfashi ta wata ƙofar, nektin-4, wadda aka gano a 2011, ta fita da tari ta kama wani. Ƙurajen da iyaye suke jira su fito alama ce ta cewa jiki ya tashi yana kashe duk ƙwayar da cutar ta shiga. Cikin waɗanda ake kashewa har da masu riƙe tarihin wasu cututtukan.

A 2012 Rory de Vries da Rik de Swart a Rotadam ta ƙasar Holan suka sa wa birai ƙwayar ƙyanda da aka yi wa dabara tana ƙyalli kore, suka ga da ido yadda ta mamaye waɗannan ƙwayoyi. Daga aikinsu ne aka fara kiran abin mantuwar garkuwa. Wani abu da ya daɗe yana ruɗar likitoci kuma ya warware: in aka ƙirga fararen ƙwayoyin jinin yaro ƴan makonni bayan ƙyanda, adadin ya koma daidai. Kamar rumbun da ake ajiye irin gero da dawa da wake da gyaɗa ne, aka kwashe aka cika shi da gero zalla. Mai leƙawa ta sama zai ce cike yake, sai ranar shuka za a gane. Ƙwayoyin da suka cika gurbin yawancinsu na yaƙi da ƙyanda ne, shi ya sa ba ta kama mutum sau biyu, amma sauran sun ragu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo ne daga wata annoba da aka yi a Holan a 2013, a tsakanin wasu Kiristoci masu tsananin riƙo da ba sa yarda da rigakafi. Iyayen suka yarda a ɗebi jinin ƴaƴansu kafin ciwon ya iso da kuma bayan ya wuce. Michael Mina da Stephen Elledge na Jami'ar Harvard suka auna jinin yara 77 da wata fasaha mai suna VirScan, wadda take duba dubban antibodi a ɗigo ɗaya. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2019: kimanin wata biyu bayan ƙyanda, yaran sun rasa tsakanin kashi 11 da kashi 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da suke da su. Yaran da aka yi wa allurar ƙyanda ba a ga wannan asara a jininsu ba. A rana ɗaya Velislava Petrova da abokan aikinta suka wallafa nasu a mujallar Science Immunology, a kan yara 26 daga annobar. Sun tarar tarin ƙwayoyin B masu tarihi sun ɓace, sababbin da ɓargo yake fitarwa kuma sun koma ɗanyu irin na jariri. Suka gwada a jikin wata ƴar dabba da ake kira feret: aka yi mata rigakafin mura, aka sa mata wata cuta dangin ƙyanda, sai kariyar murar ta ragu, murar ta kama ta da ƙarfi.

A tuna cewa yaran Holan ƙosassu ne, ruwan famfo suke sha, ba sauro mai masassara a ɗakinsu. Kuma binciken ya nuna hanyar da antibodin suke dawowa ita ce yaro ya sake gamuwa da cutar, jiki ya koye ta daga farko. A Holan wannan mura ce ta kwana uku. A ƙauyen da ke bakin Gulbin Maradi, sake koyon yana faɗowa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta gurɓace da ruwan sama, sauro ya tashi. Ƙyanda tana zuwa da bazara, ta miƙa yaro ga damina hannu rabbana.

Tsawon wane lokaci? Mina da Bryan Grenfell da wasu sun bi alƙaluman mutuwar yara na Ingila da Wales da Amurka da Denmak, kafin zuwan allurar ƙyanda da bayanta, suka wallafa a 2015. Lissafinsu ya nuna tasirin yana kai shekara biyu zuwa uku, kuma a zamanin da babu allura ƙyanda tana da hannu a kusan rabin mutuwar yara daga cututtuka masu yaɗuwa. Wannan ya yi daidai da abin da Peter Aaby ya daɗe yana gani a Gini-Bisau tun ƙarshen shekarun 1970, cewa in an kawo allurar ƙyanda mutuwar yara tana raguwa fiye da adadin da ƙyandar kanta take kashewa.

Ba ƙyanda kaɗai ba

Ba daidai ba ne a ɗora komai a kan abu ɗaya, kuma masanan kansu ba su zama baki ɗaya ba. Aaby ɗin nan da abokan aikinsa sun wallafa a 1996 cewa a karkarar Senegal yaran da suka tsira daga ƙyanda ba su fi sauran mutuwa daga baya ba. Shi yana ganin allurar ce take yi wa garkuwa wani horo na gaba ɗaya, irin abin da Mihai Netea ya bayyana a kan allurar BCG. Ko wanne ya fi gaskiya, a wurin uwa a Madarunfa maganar ɗaya ce, don duka hanyoyin biyu a bakin kwalbar allura suke haɗuwa. Ɗan kishiya ɗaya kuma ba ya zama hujjar kimiyya. Ishara ce kawai.

Ga yarinyar nan, akwai abin da ya taru a kan mantuwar garkuwa. Ƙyanda tana cinye bitamin A na jiki, tana ƙwarzane bangon hanji har furotin ya riƙa zuba, tana sa miki a baki yaro ya ƙi ci. Aka ƙara da hana ta nama da ƙwai. A Yuni kuma aka yaye ta, saboda uwar ta samu ciki, wato aka yanke mata antibodin da take samu a nono a lokacin da ta fi bukatarsu. Kowane zawo ya rage mata nauyi, kowane ragin nauyi ya rage mata garkuwa. Tamowa tana ƙanƙantar da wata ƴar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, taimus, inda ƙwayoyin T suke ƙosawa, tana kuma siranta fata da bangon hanji har ƙwayoyin cuta su riƙa ƙetarawa cikin jini.

Hanjin yaran wannan yanki ma an yi bincike a kansa a nan gida. A gundumar Madarunfa cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF ta gwada wani ɗigon rota mai jure zafi da Serum Institute na Indiya ya yi, a kan jarirai fiye da 3,500, sakamakon ya fito a 2017 ƙarƙashin jagorancin Sheila Isanaka. Ya kare kashi 66.7 cikin 100 daga zawon rota mai tsanani. Adadi ne mai kyau a Afirka, amma a Turai ɗigon rota yana haura kashi 90. Rigakafin da ake ɗigawa a baki ba ya kama hanjin yaron da ya tashi cikin ƙura da gurɓataccen ruwa kamar yadda yake kama na wani. Ke nan kariyar da yarinyar take da ita tun farko ba cikakkiya ba ce, ƙyanda ta zo ta ɗebi nata rabon a ciki.

A gadon tamowa

A farkon Satumba ɗan sa-kai na ƙauyen ya naɗa mata igiyar awo a dantse, ta tsaya a ja, milimita 108. Ƙasa da 115 tamowa ce mai tsanani. A likita aka zaunar da uwar a tabarma aka yaga mata ledar Plumpy'Nut, abincin gyaɗa da ake ba masu tamowa, don gwajin ci. Yarinyar ta lasa sau ɗaya ta kau da kai, ta bar hannunta ya faɗi a cinyar uwar. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, fatar ɗuwawu ta yi yaushi, ƙafafun sanyi ƙalau. Ba ta kuka. Wanda ya yi aiki a ɗakin tamowa ya fi tsoron yaron da ya yi shiru a kan mai tsala ihu.

Ma'aunin zafi bai nuna zazzaɓi ba, ƙasa ma ya yi. Wannan ba albishir ba ne. Zazzaɓi aikin garkuwa ne, jikin da ya gaji ba ya iya tayar da shi ko da cuta ta cika jini. Shi ya sa duk yaron da aka kwantar a irin wannan hali ake fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jiran alama ba. Yaron da tamowarsa ba ta haɗu da wani ciwo ba, wanda ake kulawa da shi daga gida, maganarsa daban ce: gwajin da aka yi a cibiyoyin lafiya huɗu na Madarunfa a kan yara kusan 2,400, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna amoksisilin bai ƙara yawan masu warkewa a fili ba, ko da yake ya rage waɗanda ake turawa asibiti. Ita ba ta cikin wannan rukuni.

Aka tura ta sashen kwantar da masu tamowa. Aka rufe ta da bargo a jikin uwarta, aka fara madarar F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana, da farko ta siririn tiyo a hanci. Ba a gaggawar ƙosar da irin wannan yaro, don zuciya da hanta ba za su ɗauka ba. Aka yi gwajin ƙanjamau, ita da uwar, babu. Aka duba amosanin jini, babu. Aka tambayi ko akwai mai tsohon tari a gidan, aka ɗauki hoton ƙirji, saboda ƙyanda tana iya tayar da tarin fuka da yake kwance. Nan ma ba a samu ba. A lokacin wannan tambayar ne wata ma'aikaciyar jinya ta ga duhu-duhun tabo a bayan yarinyar.

"Baiwar Allah, ta taɓa yin ƙyanda?"

"Ta yi, da bazara. Amma wannan ai ta warke tuni."

Wannan ne karo na farko da kalmar ƙyanda ta shiga takardar yarinyar tun Afrilu. Cikin sati na biyu ta fara karɓar kofi, aka koma madarar F-100, sannan Plumpy'Nut. Ta yi murmushi, wanda a wannan ɗaki ake ɗauka alamar juyowa. Aka sallame ta zuwa kulawar sati-sati.

Inda lamarin yake nuna giɓi

Wuri na farko a bayyane yake, kwalbar da ba a buɗe ba. Allura ɗaya a wata 9 tana kare kusan yara 85 cikin 100, biyu kuma suna kai kariyar wajen 97, kuma sai an yi wa kashi 95 na yaran gari kafin ciwon ya rasa hanyar bi. A ganina zubar da rabon yara takwas ya fi arha nesa ba kusa ba a kan kwanakin da yarinyar nan ta yi a gado, da kuɗin kabu-kabu, da gonar da uwar ta bari a tsakiyar noma, ko da yake tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Tsarinmu yana rufe fayil ɗin ƙyanda ranar da ƙuraje suka bushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 107,500 ƙyanda ta kashe a 2023, amma yaron da ya rasu da zawo a Agusta bayan ƙyandar Afrilu ba ya shiga wannan lissafi. Da yarinyar nan ta rasu, tamowa za a rubuta. Ba a bukatar VirScan kafin a gyara wannan. A rubuta ƙyanda da watan da aka yi ta a bangon karne da jan biro, yadda duk wanda ya buɗe zai gani. A ba ɗan sa-kai na ƙauye sunayen yaran da suka yi ta, ya riƙa auna dantsensu duk wata har kaka. A gaya wa uwa tun ranar farko cewa tari ko zawo a jikin wannan yaro ba na jira a gani ba ne, kuma kada a yaye shi a wannan shekarar in da hali. Da an yi haka, igiyar awo za ta kama yarinyar tun tana kan rawaya a Yuni.

Akwai kuma tambayar da masu binciken 2019 suka tayar da kansu: yaron da ƙyanda ta share wa tarihi, shin ya kamata a sake yi masa alluran da ya riga ya karɓa? Jadawalin ƙasa bai tanadi haka ba. Abin da aka yi wa yarinyar shi ne cike gurbin da ta rasa: ta shawara, ta sanƙarau, da ta ƙyandar kanta, wadda ake yi wa yaro ko an ce ya taɓa yin ciwon, tunda ba kowane ƙurji da zazzaɓi ne ƙyanda ba.

A awon Nuwamba dantsenta ya kai kore, tana tafiya, tana cin tuwo da miyar kuka da ƙuli-ƙuli da ake daka mata a kunu. Kunnen dama dai bai daina ruwa ba, an tura ta wurin likitan kunne a Maradi don a duba ko dodon kunnen ya huje. In aka bi lissafin shekara biyu zuwa uku, daminar baɗi ma tana cikin lokacin haɗari, don haka sunanta yana cikin waɗanda ɗan sa-kai zai ci gaba da aunawa, tare da sauran yaran ƙauyen da suka yi ƙyanda a bazarar.